Hoto na Uku

"Wane ɓangare ne dattin?" Hannatu ta tambaya, wayar maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa. "Faɗa mini, Sadisu, ga hoton nan a gabana."

"Ni ban ce datti ba. Alƙalan gasar ne suka ce ƙasan hoton ya yi hayaniya."

Hoto dai, ba rediyo ba, wai ya yi hayaniya! Hannatu ta ƙura wa kwamfutar ido a ɗan shagonta na ɗaukar hoto da ke bakin kasuwar Suleja. Ga Dutsen Zuma nan ya cika fuskar kwamfutar, gizagizan damina sun yi ja a bayansa. A gindinsa kuwa rufin kwanon gidajen garin Madalla ne birjik, da igiyoyin shanya, da hayaƙin masu tuya.

Ba da wasa ta samu hoton nan ba. Idan rana tana bayan dutse, kamara ba ta iya ganin sama da ƙasa lokaci guda. In ta kama sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. In ta kama ƙasa, sama ta ƙone fari fat. Saboda haka hoto uku Hannatu ta ɗauka ba tare da ta motsa kamarar ba: ɗaya don gizagizai, ɗaya don jikin dutse, na uku mai yawan haske don abin da ke cikin inuwa. Sannan ta zauna ta haɗe su wuri ɗaya, tana rage nan tana ƙara can, har wuyanta ya ƙage. Hoto na ukun ne ya fito da gidajen. A cikinsu, can gefen hagu, ga rumfar kafinta, ga mahaifinta Istifanus cikin farar singileti ya sunkuya kan katako.

"Kin shiga zagayen ƙarshe fa," in ji Sadisu. "Za a rataye hotonki a baje kolin, manya za su zo. Sunan gasar Ƙofar Abuja, su kuma dutse suke so da sama. Gyara kaɗan ne, ki turo kafin yamma."

"Dokar gasarku ta hana goge komai daga hoto."

"Wa ya ce ki goge? Ki cire na ukun kawai. Ba gogewa ba ce, inuwa ce."

Nan ne ranta ya gama ɓaci. Da wani baƙo ne ya faɗi haka, da da sauƙi. Amma Sadisu! Sadisun Kurmin Sarki, wanda suka yi sakandare tare, wanda har yau kullum sai ya bi ta Madallar nan a matse cikin bas kafin ya isa ofishin masu gasar.

"Dutsen nan a Jihar Neja yake," ta ce. "Sunan Abujar ma tsohon sunan Sulejan nan ne aka ɗauka. Sun ɗauki suna, sun ɗauki dutse, yanzu kuma mutanen ne suka tsone musu ido? Kai ma da ka je can sai ka zama ɗan Abuja ko?"

"Haba, Hannatu, abeg, ni ɗan aike ne."

Ta kashe wayar. Ta buga hoton a takarda mai sheƙi, ta rufe shago, ta tare keke-napep zuwa Madalla. Duk hanya tana tsara abin da za ta rubuta musu. Za ta janye daga gasar, ta baza hoton a intanet yadda yake, ta faɗa wa duniya dalili. Amma tana so babanta ya fara gani. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ƙera wa mutanen Abuja ƙofofi, yau ga shi a hoto tare da dutsen da ke jikin takardar naira ɗari, kuma wasu na cewa a kashe masa fitila.

Ta same shi a rumfar yana goge ƙafar kujera. Ta gaishe shi a gurguje, ta miƙa masa hoton, ta zazzage masa labarin tun daga farko. Istifanus ya goge hannunsa a wando, ya sa tabarau, ya kai hoton bakin rumfa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan rumfata ce," ya ce. "Ga gidan Maman Titi. Ga cocinmu. Kai, har lambar da ke jikin ƙofa ana gani."

"Komai ya fito, Baba. Shi ne ba sa so."

"Su wa kika ce za su zo kallo?"

"Manya. Masu gine-gine, 'yan gwamnati, irin su."

Ya cire tabarau ɗin a hankali ya ninke.

"To, ki yi yadda yaron nan ya ce."

Hannatu ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba. "Baba, cewa fa suka yi kun ɓata musu hoto!"

"Na ji. Ki mayar da mu cikin inuwar."

"Ba zan mayar ba! Ku ba mutane ba ne? Kullum sai a ɗauki dutse daga sama, a yanke ƙasa, kamar aljanu ne suke zaune a nan. Ni na ce sai an gan ku."

"An taɓa ganinmu ai," in ji Istifanus.

Bai ɗaga murya ba. Ya zauna kan kujerar da bai gama ba.

"Kin tuna gidanmu na da, na bakin Abuja? Shekaru muna nan, ba wanda ya san da mu. Ran nan wani ya zo da kamara, mai fara'a, yana bi gida-gida yana ɗauka. Ke kina ƙarama, har kika ruga kika sa rigar coci kika tsaya masa a ƙofa kina dariya. Bayan shi sai masu sa wa gidaje alama da jan fenti. Bayan su sai katafila."

Ta tuna katafilar, ta tuna mamanta tana jan katifa a cikin ƙura. Rigar cocin ce ba ta tuna ba, sai yanzu. Ruwan ɗorawa ce, mai maɓalli a baya.

"Wannan daban ne," ta ce, muryarta ta ragu. "Nan Neja ce, ba Abuja ba."

"Can ma da ba Abuja ba ce." Ya nuna hoton da haɓa. "Ke da bakinki kika ce sun ce dutsen nasu ne. Wanda ya ce dutse nasa ne, gindin dutsen na wa? Ki rataye musu wannan a bango, wani mai babbar riga ya tsaya ya ce, kai, wurin nan zai yi kyau da otal. Ni na tsufa da sake kafa rumfa, Hannatu."

Ta so ta ce masa tsoro ne kawai, ba wanda ke rushe unguwa saboda hoton gasa. Wataƙila ma gaskiyarta ce. Amma ba ita za ta ja katifa ba idan ba gaskiyarta ba ce.

Ta koma shago ranta a dagule, haushin da ta fita da shi ya ninku, kuma yanzu ba ta san wanda za ta sauke wa ba. Ta kunna kwamfuta, ta zare hoto na uku. Igiyoyin shanya suka ɓace, coci ya ɓace, gidan Maman Titi ya bi. Farar singiletin ce ta yi taurin kai, ta rage ɗan ɗigo a cikin duhu. Hannatu ta daɗe tana kallon ɗigon, sannan ta ja haske ƙasa da hannunta har ya nutse. Hoton ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta rubuta masa suna, ta tura.

Ba a jima ba Sadisu ya kira, muryarsa fal murna.

"Yauwa! Na san za ki gane. Yanzu ya yi tsaf. Kuma sunan nan da kika sa, 'Babana', wallahi ya burge su. Wata a cikinsu ta ce ba ta taɓa tunanin dutsen a matsayin uba ba. Fuskar nan da ke jikin dutsen kike nufi ko?"

Hannatu ta kalli gefen hagu na hoton, can ƙasa, inda babu komai sai baƙi.

"Yana nan a ciki," ta ce. "Ku rataye shi haka."