Tocilar Malam Ila Ta Sha Hantsi

Duk rigimar nan a kan tocila aka yi ta, wata tsohuwar tocilar ƙarfe da marigayi Malam Ila ya bari. Matarsa Inna Delu ba ta yarda da kowace fitila ba sai ita. An kawo mata mai caji, an kawo mai sola, duk ta rabar wa maƙwabta. To ran nan da asuba babu wuta, ta tashi tana laluben tocilar, ta yi tuntuɓe da kujera, goshi ya fashe.

Babban ɗanta Alhaji Lawal ya zo gidanta a Rigachikun, ya ga goshin, ya yanke hukunci. Ranar Juma'a zai zo da mota ya mayar da ita gidansa na Kawo, ta gama zaman kaɗaici. Inna ta dubi awakinta, ta dubi ɗakin da ta tsufa a ciki, ta yi shiru. Inna Delu fa, wadda ko a gidan makoki sai an roƙe ta take rufe baki! Shirun nan ne ya karya zuciyar jikarta Nafisa.

Nafisa tana aure a Unguwar Kanawa, sana'arta kuwa zuba gam a mazubi, ta fitar da maƙalar makulli da farantai masu sheƙi. Ta ce, "Kawu, in tocilar ta riƙa nuna kanta a duhu fa, ba sai an lalube ta ba?"

"In kin sa ta yi haka, na bar Inna a ɗakinta," in ji shi, yana dariya. Bai san wadda ya yi wa alkawari ba.

Da ƙyar ta raba tsohuwar da tocilar. Ta kai wa Ya'u mai gyara a Babbar Kasuwa, ya sake mata ƙwai, ya sa batir mai caji. Ita kuma ta sayo wata hoda da take shan haske da rana, ta mayar da shi kore in duhu ya yi. Ta haɗa gam ɗinta mai kwalba biyu, wanda ba ya kamawa sai an gauraya su, ta barbaɗa hodar, ta juya a hankali da tsinke don kada ya yi kumfa. Ta bi wuyan tocilar da gindinta tana cika kowane lungu, har da lotsawar da Malam Ila ya yi mata garin korar kare. Da ya bushe ta shanya ta a rana, ta cusa ta cikin hijabi, ta leƙa. Sai ga zobe biyu kore shar. Ta yi ta rawa ita kaɗai a tsakar gida.

Ranar da ta mayar wa Inna da tocilar, ta ce, "Tsohuwa, ki riƙa barinta tana ganin rana." Inna ta ce, "To, to," irin wadda take ce wa likita in ya hana ta gishiri.

Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji Lawal ya iso, ya juya mota ta fuskanci hanya tun kafin ya shiga. Aka shiga ɗakin Inna su uku, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da bargo. Sai suka ji Inna ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, tana warware zani bayan zani.

"Ga ta nan," in ji Inna.

Ina! Duhu ne kawai, ko tafin hannu ba a gani. Kunya da tsoro suka rufe Nafisa lokaci guda.

"Tsohuwa, tun yaushe take cikin kwalla?"

"Tun ranar da kika kawo mana. Abin da jikata ta ƙawata da hannunta zan bar wa ƙura da yaran maƙwabta?"

"To da asuba da me kike fita?" Alhaji Lawal ya tambaya.

"Da bango."

Kai, Inna ma dai! Alhaji ya buɗe ƙofa ya ce a fara haɗa kaya. Nafisa ba ta yi musu ba, ta ce Kawu ya daure ya sha kunu tukuna, ba a tashi da tsohuwa a kan yunwa. Ta fita da tocilar, ta ajiye a faifan da Inna ta shanya kuɓewa. Ta yi ta ƙara wa Kawu kunu har ya fara kallonta da zargi.

Can ta ɗauko tocilar, ta roƙi a sake gwadawa, aka koma ɗaki, aka rufe. Zoben nan biyu suka fito a kan tabarma, har ana ganin yatsun Inna da ta kai hannu kai tsaye ta ɗauka. Ta yi salati, ta fashe da dariya, Nafisa ta taya ta.

Alhaji ya juya tocilar a hannunsa ya ce, "Na gani, aiki ya yi kyau. Amma ina fita za ta mayar da ita kwalla."

"Da cewa kika yi shanya take so, ai da an wuce wurin," Inna ta ce wa Nafisa. "Kai Lawal, tun da na haife ka, ka taɓa ganin na manta da shanya?"

Ta karɓi abarta, ta fita tsakar gida suna biye. Ta wuce faifan kuɓewa, ta je jikin bangon yamma inda wani dutse yake, wanda zama ya goge har yana santsi. Ta share shi da gefen zani, ta kwantar da tocilar a kai.

"Nan ne wurinta. Dama mai ita nan yake shan hantsi, shi ma in bai sha ba yini yake fuska a murtuke."

Alhaji Lawal ya daɗe yana kallon dutsen mahaifinsa. Ya cire hula, ya goge ido da ita kamar gumi yake sharewa, ya ce wa Nafisa ta mayar da akwatin Inna ciki. Motar ta koma Kawo da ƙullin busasshiyar kuɓewa a kujerar gaba.