Wuyan Raƙumin Dawa

Duk wanda ya saba kunna rediyo da safe ya san muryar Baba Kullum, amma ba kowa ya san fuskarsa ba. Shirinsa gajere ne, kafin shayi ya huce an gama. Zai fara da wata tambaya wadda ba ta tsinana wa kowa komai, kamar abin da ya sa albasa ke sa mutum hawaye. Daga nan ya tono wani abu daga tarihi. Sai barkwanci. Sai ya rufe da abin da yake kira "nawa ra'ayin", inda yake sauke haushinsa a kan direbobi, ko tsadar kaya, ko yaran zamani. Gwanintarsa ita ce ɗinke abubuwan nan huɗu da zare ɗaya, ta yadda mai sauraro ba zai ga inda aka yi ƙulli ba.

Barkwancin kusan kullum a kan matarsa yake. Bai taɓa kama sunanta ba, Hukuma yake ce mata. Hukuma ta hana shi sukari. Hukuma ta kama shi yana leƙa tukunya. Masu sauraro sun fi ƙaunar Hukuma a kansa, har kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin shirin ya taɓa aiko mata da katan guda. Ita ma dariya take yi, ta ce ai da ita yake cin abinci, ya kamata a riƙa yanko mata nata albashin.

Gidan rediyon ɗakin ɗaukar murya ɗaya gare shi, kuma layi ake yi. Saboda haka in Baba Kullum ya samu shiga, ba ya fitowa sai ya ɗauki shirye-shirye masu yawa a zama guda. Injiniya ya jera su a kwamfuta, kowanne ya fita da kansa in ranarsa ta zo. A haka yake cewa "yau da safe" game da safiyar da ba ta waye ba tukuna. Kowane shiri kuma da tambayar farko yake raɗa masa suna: Kunkuru, Albasa, Jemage. Haka suka saba shi da Injiniya tun fil azal.

A zamansa na ƙarshe a ɗakin, Hukuma ta tara masa abin faɗa har ya yi yawa. Ta ajiye makullin gida a cikin firji. Ta zuba gishiri a shayi. Ta tsaya tsakar falo tana neman sunan abin da ke hannunta, ta rasa. Shi kuwa murna yake yi, yana ganin kasuwa ta buɗe, a ransa yana cewa tsufa ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ba a daɗe ba ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Da aka ɗauki hoton kanta, likita ya nuna masa wani farin tabo da bakin biro, ya ce ƙari ne, kuma ya zauna daidai inda magana take fitowa.

"Za mu yi aiki," in ji likitan. "Amma ka ji ni da kyau. Ku sa ta riƙa magana, ko da kalma ɗaya ce, ko da ba daidai ba. Kafin aiki da bayansa. Wadda ta ci gaba da ƙoƙari tana iya dawo da bakinta. Wadda ta ji kunya ta yi shiru, sau da yawa shirun ke nan."

Kunya kuwa ta riga ta kama ta. Matar da a da ake jin muryarta tun daga bakin titi, yanzu ko Auta, 'yarsu da ta baro aikinta ta zo jinya, ba ta samun komai sai kaɗa kai. Mutum ɗaya take buɗe wa baki, mijinta. Zai sunkuyo ya kara kunne, ya nuna mata kofi, ta yi ta kokawa da harshe har kalmar ta fito. In ta kuskure ba ya dariya. In ta dace ya matsa hannunta.

Tun ranar da aka kwantar da ita ya kira Injiniya.

"Ka cire min guda uku. Kunkuru, Albasa da Jemage. Ka sa tsofaffi a madadinsu."

"Su ke nan, Baba?"

"Su ke nan."

Auta tana jin sa. Da ya kashe wayar ta ce, "Baba, da ka je ka saurari sauran duka. Ba za ka iya tuna komai ba."

"Ni na yi su da bakina, ke za ki gaya min abin da ke ciki?"

Gaskiyar ita ce ba ya son ya zauna a ɗakin nan ya ji kansa yana dariya.

Ɗakin mata marasa lafiya dogo ne, gadaje layi biyu, ga warin maganin wanke ƙasa, ga fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. A gadon da ke kusa da na matarsa akwai wata tsohuwa da ta karye a ƙugu, kowa Iya yake ce mata. Tana da ƙaramin rediyo da aka ɗaure murfin batirinsa da roba, kuma kullum da safe sai ta ƙure shi don duk ɗakin ya ji Baba Kullum. Babu wadda ta san shi ne dattijon nan mai furfura da ke zaune a kujerar roba, don a ɗakin ba ya ɗaga murya. Matarsa kaɗai, in kiɗan shirin ya tashi, za ta kalli rediyon, ta kalle shi, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

Ranar aiki ta zo. An riga an aske mata gefen kai, an sa mata rigar asibiti mai igiya a baya. Auta tana ninke zannuwa tana cusawa a jaka. Shi kuma yana sunkuye da kofi a hannu.

"Mene ne wannan, Maman Auta?"

"Ko... kof..."

"Saura kaɗan."

"Kofi."

"Madalla. Kin ga? In kin fito sai mun gaji da surutunki."

Iya ta murɗa rediyonta. Kiɗan ya tashi, sannan muryarsa ta cika ɗakin, sabuwa fil, cike da nishaɗi.

"Jama'a barkanmu da safiya! Ga tambayar yau. Ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin dawa? Ku yi ta lissafi. Amsar ita ce bakwai, daidai da na wuyanka, kai da ke saurare na. Tsawo ne kawai ya bambanta ku."

Raƙumin Dawa. Ya manta da shi sam, don sunan bai yi kama da abin da ke ciki ba. Yanzu kuwa zaren ya dawo masa gaba ɗaya: daga wuya za a hau kai, daga kai a shiga tarihi, daga tarihi a sauka a kan Hukuma.

Ya juya wajen tsohuwar. "Iya, don Allah a ɗan kashe rediyon nan. Yau za a shiga da ita, tana son hutu."

"Wane hutu? Dubi hannunta, ita ke ce min in ƙara."

Haka ne. Yatsun matarsa suna ɗagawa sama, sama.

Ya fice baranda da sauri yana latsa waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Injiniya ya ɗauka cikin hayaniyar mota.

"Raƙumin Dawa ne a kai! Ka tsayar da shi!"

"Baba, ina cikin bas, ban ƙarasa ba. Ai ba ka ce in cire shi ba."

"Waye a ɗakin?"

"Mai karanta labarai ce, kuma wayarta a kashe take in tana ciki. Ko fiffike gare ni ba zan isa ba. Me ke cikinsa ne?"

Ya kashe wayar. Ya koma ɗakin, ya tarar muryarsa ta yi nisa.

"...mutanen da can can, tun ba a san allura ba, in ciwo ya dami mutum a kai, sai su samu dutse mai kaifi su huda ƙoƙon kan. An tono ƙasusuwansu an gani. Abin mamaki, wasu sun warke sun ci gaba da rayuwa da ramin a kai."

"Kai!" in ji wata mata mai ƙafa a naɗe da bandeji, a gadon da ke fuskantar nasu. "Allah mun gode da zamani."

Auta ta daina ninke kaya. Ta kalli ubanta, ta ga fuskarsa, ta gane.

Ya matsa jikin gadon yana magana da ƙarfi don ya danne rediyon. "Maman Auta, bari mu sake. Wannan fa? Mene ne wannan?" Ya ɗaga filo, ya ɗaga tawul. Ta kai yatsa bakinta, alamar ya yi shiru, ana shirin mijinta. Ya miƙa hannu zai ɗauke rediyon daga kan durowar Iya, tsohuwar ta rigaye shi, ta rungume abinta a ƙirji.

"Kai bawan Allah, lafiyarka? In ba ka son dariya ka fita waje mana. Mu nan ita ce maganinmu."

Kalma biyu za su isa. In ya ce ni ne, ya ce matata ce wannan, kowa zai yi tsit, Iya ta kashe. Ya buɗe baki. Sai ya ji an kama hannun rigarsa. Matarsa ce, tana jan sa ya zauna kusa da ita su ji tare, idonta yana haske. Ya tsaya yana duban hannun nan, yana neman yadda zai fara, har lokacin ya wuce.

"To, ni ma a gidana akwai kan da ke son a duba. Hukuma ce. Yau da safe ta tsaya a kaina, ta ce, Malam, miƙo min co... co... co..." Muryar ta kwaikwayi tata daidai, har da yadda numfashinta ke sarƙewa. "Na ce, me? Ta ce, co... co... tsintsiya! Jama'a, cokali take nufi. Na miƙa mata tsintsiyar, na ce bismilla, a sha shayi lafiya!"

Ɗakin ya kece da dariya. Iya tana dariya tana riƙe ƙugu tana cewa wayyo zai kashe ta. Mai bandeji ta buga katifa. "Co... co... co!" in ji ta. "Wallahi mutumin nan ba shi da dama. Matar nan tana haƙuri!"

"Nawa ra'ayin," in ji rediyon, "da a zamanin masu dutsen nan muke, da na kai Hukuma an ɗan huda, mu leƙa mu ga abin da ya toshe. In ta ji ni yau na shiga uku. Amma kada ku damu, kafin ta nemo kalmar da za ta zage ni da ita, na kai ofis."

Hannun da ke riƙe da rigarsa ya sake ta a hankali. Bai faɗi ba, janye shi ta yi, ta mayar ƙarƙashin mayafi. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga ido ta kafe shi a kan fankar.

Ya durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinsa a kan siminti mai sanyi. "Maman Auta. Tun kafin mu sani aka ɗauka. Wallahi tun kafin mu sani. Na ce a cire, wannan ne ya kuɓuce min."

Idonta bai bar fankar ba.

"Ki zage ni. Ko kalma ɗaya ce. Ki ce min komai."

Leɓunanta a haɗe suke, har sun yi fari.

"Baba, tashi," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Ana kallon ka."

Aka turo gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya tana ƙara. Nas ta zo da ma'aikata biyu, ta duba abin da ke ɗaure a wuyan hannun matar, ta yi mata murmushi.

"Mama, ƙa'ida ce, sai kin faɗa min sunanki da bakinki kafin mu tafi. A hankali, ba sauri."

Matar ta dube ta. Maƙogwaronta ya motsa, kamar kalmar ta taso. Sai idonta ya gangara kan mai bandeji, wadda har yanzu take share hawayen dariya. Ta haɗiye.

"Mama? Ɗazu fa na ji kina magana da Baba."

Nas ta jira, ta sake tambaya. Daga baya Auta ce ta faɗi sunan.

Suka ɗaga ta suka mayar kan ɗaya gadon. Ya bi su ta baranda yana riƙe da ƙarfen gefe, yana kiran ta, yana cewa yana nan, ba inda za shi. Da suka isa ƙofar ɗakin tiyata ta fito da hannu daga mayafi. Ya yi sauri ya miƙa nasa. Hannun ya wuce shi ya kama na Auta.

"Ka tsaya nan, Baba," in ji Auta.

Ƙofar ta rufe. Ya daɗe a tsaye kafin ya tuna sun bar jaka a ɗaki. Da ya koma ɗauka, an riga an yaye zanen gadon. Mai bandeji ta yi baƙuwa, ƙanwarta ce ta kawo mata abinci, tana ba ta labarin abin da ta rasa.

"Ta ce masa, miƙo min co... co... co... Tsaya mana, ba ki ji ƙarshen ba."