Ƙwallon Baba a Kan Biyu

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, da tukunyar iska aka dawo da shi, doguwa har ƙirjin mutum. A wuyanta akwai wani ɗan gilashi tsaye mai lambobi daga ɗaya zuwa goma sha biyar, da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki wanda bai fi ƙwayar wake ba. In an murɗa makunnin sai ƙwallon ya tashi, ya tsaya yana rawa daidai yawan litar da ke shiga hancin Baba a kowane minti.

Nas ɗin da ta rako su ta kama hannun Auta ta durƙusar da ita gaban gilashin.

"Idonki daidai da ƙwallon, ki karanta daga tsakiyarsa," in ji ta. "Biyu. Huhun babanku ya gaji. In iskar ta yi masa yawa, jikinsa zai yi sanyi da jan numfashi, barci mai nauyi ya ɗauke shi, kuma ba kullum ake tashi daga irinsa ba. Kin ji ko? Biyu."

Auta ta ji. Matsalar dai, a gidan nan ba a taɓa jin Auta ba. Shekararta arba'in da ɗaya, 'yarta ta fari tana jami'a, ita ta bar gidanta ta dawo jinya, amma har yau in ta buɗe baki gaban yayyenta sai a ce ta je ta duba ko ruwan shayi ya tafasa.

Wanda ya fara zuwa dubiya shi ne babban wansu, Yaya Injiniya. Bai taɓa leƙa ajin injiniya ba. Shagon famfo da bututu gare shi, maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Ya gaishe da Baba a tsaye, ya juya ga tukunyar kamar ita ya zo dubawa.

"Wa ya sa wannan a biyu?"

"Nas ce, Yaya. Ta ce kada a..."

"Abu mai goma sha biyar, a ba ubanmu biyu? Mu da muke da rai?" Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Ni za a gaya wa bututu? Shekara ashirin da biyar ina cikinsa. Duk abin da aka matse masa hanya, wahala yake sha."

Ya murɗa zuwa huɗu, ya kaɗe hannu. Baba yana kallonsa, bai ce uffan ba. Auta ta raka Yaya har mota, ta dawo da gudu ta mayar da ƙwallon biyu.

Washegari Gwaggo ta iso, ƙanwar Baba. Ita nata ilimin daban ne. A ganinta ƙwallon ƙarfin jikin majinyaci yake nunawa: in yana ƙasa jiki ya yi ƙasa, in ya hau an samu sauƙi. Tana ganinsa can gindin gilashi ta fara matsar hawaye. Can hannunta ya taɓa makunnin, ƙwallon ya yi tsalle zuwa shida, sai ga fuskarta ta washe. Ta juya ga Baba.

"Alhamdu lillahi, ka ga zuwana ya yi amfani, Yaya. Ga shi har ka fara tashi."

"Gwaggo, ba haka yake aiki ba," in ji Auta a hankali. "Yawan iskar yake aunawa."

"To iskar taki ce? Ni na taɓa jin rowar abinci, na ji ta ruwa, amma rowar iska sai a wajenki."

Kafin la'asar maganar ta zaga dangi, Auta tana yi wa ubanta rowar numfashi. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai, don ita ce mai juya shi, mai wanke shi, mai sanin ƙwayar da ake sha kafin abinci da wadda ake sha bayansa. Ta rubuta BIYU da manyan baƙaƙe ta manna a jikin tukunyar. Ta naɗe makunnin da filasta. Yaya Injiniya ya ɓare filastar a natse, ya liƙa ta a gefen gado, ya ce ai ba a ɗaure mita.

Daga nan abin ya koma gasa. Duk wanda ya zo sai ya ɗauki hoton gilashin ya tura gurup ɗin dangi a waya. Wannan ya rubuta, "Na bar Baba a biyar." Wancan ya rubuta, "Na same shi a biyu, Allah ya shirya, na kai shi bakwai." Waɗanda ke nesa suna tura hannuwan addu'a. Mutanen da ba su san inda ake ajiye tawul ɗin Baba ba, kowa ya samu abin da zai auna ƙaunarsa da shi, kuma a fili, da lamba. Auta kuwa ta zama mai gadi: a murɗa ta mayar, a murɗa ta mayar, ko banɗaki da sauri take shiga.

Ran Lahadi da hantsi maganin tari ya ƙare. Ta duba kantin kusa babu, na gaba ma babu, sai a na uku ta samu. Awa biyu da rabi ta yi a waje.

Tun daga ƙofa ta ga takalma reras. Ɗakin cike yake, kuma tsit, kowa yana magana ƙasa-ƙasa cikin jin daɗi. Gwaggo ta ɗora yatsa a leɓe.

"Kada ki tashe shi. Rabon da ya samu barci irin wannan tun kafin ya kwanta asibiti."

Auta ta kalli gilashin. Ƙwallon yana kan goma, tukunyar tana huci. Ta kalli Baba: baki a sake, fuska ta yi jajir, ƙirjin yana ɗagawa da ƙyar, sai an jira kafin na gaba ya zo. Ta ture ƙafafun mutane ta isa gadon.

"Baba. Baba." Ta girgiza kafaɗarsa, kansa ya langaɓe gefe.

Ta sauke ƙwallon, ta kira nas, ta ce wa Yaya Injiniya ya kawo mota bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai yi bayanin bututu.

"Yaya, mota."

Yadda ta faɗa, bai san sanda ya laluba makulli ba.

Kwana biyu Baba ya yi da na'ura a fuska kafin ya san inda yake. Likita ya tara su a baranda ya tambaya wa ya ƙara iskar. Jama'ar da suka cika gurup da hotuna, rannan duk wayoyinsu suna aljihu. Yaya Injiniya ya gyara hula, ya ce su dai baƙi ne, mai jinya ita ta san komai. Gwaggo ta ce ita abin da ta gani da idonta, mutum yana barcinsa lafiya lau, sai da aka sauke ƙwallon aka kasa tashinsa. Likita ya kalli Auta sama da ƙasa, ya ce a riƙa kula. Ta ce to.

Da suka watse ta shiga ta zauna bakin gadon. Fushi ya cika ta, kuma ga mamakinta, rabinsa da Baba take yi.

"Baba, a gabanka nas ta yi bayani. Ka ji ta. Kana kallo suna murɗawa, kalma ɗaya in ka faɗa ba mai sake taɓawa. Me ya sa ka yi shiru?"

Ya daɗe yana tara numfashi.

"Na sani, Auta. Kaina ma yana sarawa in sun ƙara."

"To?"

"Yayanki," ya ce, ya huta. "Tun da ya yi aure bai taɓa zama a ɗakina ya kai minti goma ba. Yanzu kullum sai ya zo, ya sunkuyo dab da kaina, har ina jin ƙamshin turarensa. In na hana shi murɗawa, me zai zo yi?"

Daga baranda Auta ta jiyo muryar Yaya Injiniya ya dawo, yana tambayar wata nas ko mitar da ke jikin bangon nan irin ta gida ce. Baba ya juya kai wajen ƙofa, yana ƙoƙarin gyara kwanciya.

"Ɗan ɗaga min filo," in ji shi. "Kada ya same ni a kwance."