Shanya a Kan Mangwaro

Maigidana marubuci ne, kuma littafin da yake ta fama da shi a kan mata da bishiyoyi ne. Kullum sai ya biyo ni kicin yana karanta min: mace inuwa ce, mace saiwa ce. Ni kuwa ina kankare tukunya ina cewa madalla.

Ran nan sai ga shi ya ce a sare mangwaron tsakar gida, wai tsuntsaye sun hana shi tunani. Mangwaron da na shuka da ƙwallon da na ɗauko daga gidanmu shekarar da mahaifiyata ta rasu! Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce masa to. Ya ce mai zarto zai zo da safe.

Da yamma na zaga maƙwabta, na ƙare da ɗakin surukata. Inna ta saurare ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta jawo akwatinta.

Mai zarto ya iso ya tarar da mu mata cike da gindin bishiya muna wanki. Ya ɗaga kai zai duba reshen da zai fara, ya yi maza ya sunkuyar. Babu reshen da ba mu shanya tufafin ciki a kai ba, manya da ƙanana, ja da ruwan hoda, sai kaɗawa suke yi.

"Bismilla, hau mana," in ji maƙwabciyarmu matar tela. "Ka dai sauko mana da su ɗaya bayan ɗaya, kada su yi datti."

Bawan Allah ya ce ya manta man injin zartonsa a gida. Har yau bai dawo ba.

Maigida ya fito a fusace, alƙalami a kunne. "Wace ce ta yi wannan shirmen?"

Inna ta nuna wani shimi mai faɗi can a ƙololuwa. "Wancan nawa ne. Hau ka sauko min da shi, sai ka sare."



"Ka ce mace inuwa ce," in ji ta, tana matse zane. "To ga inuwar uwar matarka, a ƙarƙashinta ka rubuta rabin littafin."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya koma ciki, muka ji yana jan teburinsa zuwa ɗakin baya.