Butar Ɗantani

Kwana tara da binne ƙanena Ɗantani, na ɗauki butarsa zan yi alwalar azahar, sai na sake ta ta faɗi. Sanyi ne ya cije ni a tafin hannu. Watan Afirilu fa, a Wagadugu, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta tsaya a tsakar gida. Butar roba ce, a rana take tun safe, amma jikinta har raɓa yake kamar yanzu aka ciro ta daga firigo, injin sanyi.

Ni Iyatu ba matsoraciya ba ce, duk Zango an sani. Ranar da aka zo rushe tsohuwar unguwarmu, ni ce na zauna a bakin zaure har katafila ta taɓa katanga. Don haka na zubar da ruwan, na sake cikawa, na ajiye ta inda rana ta fi dukan ƙasa. Da la'asar na taɓa, sanyin na nan. Washegari ma haka. Ran Juma'a autanmu Maliki ya dawo daga ziyarar maƙabarta fuskarsa wani iri, ya ce ya dafa kabarin da tsakar rana ya ji shi kamar gindin randa, alhali na kusa da shi ba ya taɓuwa don zafi.

Raliya matar marigayin tana ɗaki tana takaba. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Bari in faɗi laifina da bakina: na gallabi yarinyar nan. Na ja ta wurin masu magani har unguwar Dapoya, na ɗura mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci, kuma duk sunan da aka yi a unguwa sai na dawo na yi mata habaici a bakin murhu. Ba ta taɓa tanka mini ba, shirun nata ma ƙara mini haushi yake yi. To na lura tun rasuwar, in za ta wuce butar nan sai ta kauce, kamar mai kauce wa mutum a zaune.

Na ɗauki butar da gefen zanena, na shiga na dire ta a gabanta. Na ce ta gaya mini abin da ta sani, ko in tara mata jama'a. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke tsatsafowa a jikin robar.

"Yaya, ba duka aka binne shi ba."

Na ce wane irin zancen banza ne wannan, a gabana aka fita da shi cikin likkafani. Sai ta warware mini. Ashe bara sun je wata kilinik a ɓoye, aka auna su duka biyun. Ita lafiyarta ƙalau. Shi ne babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ruwansa. Lokotoron, wato likitan, ya ce wani lokaci ƙwayoyin suna nan a can ciki, hanyar fita ce babu. Aka yi masa allura, aka tsaga marainansa, aka yanko 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, aka duba, aka samu 'yan kaɗan. Aka raba su cikin 'yan bututu uku sirara kamar tsinken tsintsiya, aka sa a tukunyar ƙarfe mai sanyin da ya fi na ƙanƙara, ana jiran a shirya jikinta a haɗa da ƙwanta. Saura mako biyu, motarsa ta kife a hanyar Bobo.

Na tuna satin da ya yi yana tafiya a tale, ya ce mini basir ne, har na dafa masa sassaƙe. Kunya ta rufe ni. Na tambaye ta me ya hana ta buɗe baki duk zagin da nake mata. Ta ce shi ya roƙe ta ta rufa masa asiri.

Mu mutanen da ko farce muka yanke sai mun tona rami mun rufe, ko gashi ba ma bari iska ta ɗauka, ga naman ɗan uwana a tukunya cikin gari, shi kuma yana ƙasa. Na tafi wurin Malam Illiya limaminmu, na faɗa masa kaina a sunkuye. Ya ce igiyar aure ta yanke ranar da mutum ya cika, ba halin a sa mata abin yanzu, a karɓo a binne a gefensa. Da na kawo wa Raliya wannan magana ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi tun da suka je kilinik ɗin nan Ɗantani ya zaɓi suna, in mace ce Sauda.

Ran Litinin da hantsi muka je, ni da ita da Maliki, da fulas ɗin shayi da muka wanke. Lokotoron ya kai mu wani ɗaki marar taga, ya buɗe tukunyar, farin hayaƙi ya malalo ya bi ƙasa ya lulluɓe mana ƙafafu. Sanyin na taɓa yatsuna na gane shi, shi ne na butar. Na tambaya ko abin ya mutu tuntuni. Ya ce a'a, da rai, tsayawa kawai ya yi, ko bayan shekara ashirin aka ɗumama zai motsa. Na fita waje na bar Raliya ta sa hannu a takardunsu. Ta ɗan jima, sannan ta fito rungume da fulas ɗin a ƙirji, ta miƙa wa Maliki ba tare da ta dube shi ba.

Maliki ya wuce maƙabarta a mobilet, ɗan babur ɗinsa, mu muka koma gida. Bayan azahar ya dawo da ƙasa a gwiwar wandonsa. Ya ce ya naɗe 'yan bututun a ƙyallen likkafani, ya tona daidai wajen ƙafafu, ya sa duka biyun, ya yi addu'a.

Na jira ya shiga wanka, na nufi inda butar take a rana, na kai hannu. Sanyi ƙalau, raɓa na gangarowa tana jiƙa ƙasa.

Raliya na tsaye a bakin ƙofarta tana kallona. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani zagi ne ya cika shi, irin wanda na saba.

"Uku kika ce mini, Raliya."

"Na sani, Yaya. Na san ba za a taɓa sa mini shi ba. Amma in aka binne wannan, shi ke nan, ba wanda ya rage mini. Ki roƙa mini shi ya ƙara haƙuri, ni ma shekara goma sha ɗaya na yi masa haƙuri."

Na dubi yarinyar, na dubi butar. Tausayin ƙanena ya kama ni, nata kuma ya fi ƙarfina. Na shiga ɗakina na ciro bargon da nake rufa da shi, na zo na durƙusa cikin ranar nan, na lulluɓe butar har bakinta, na soke gefe da gefe.