Gurbi Ɗaya a Motar Likitoci

Saƙon ta bakin Lawwali direba ya zo, mai gingimarin da ke kai siminti Maraɗi. Ko injin bai kashe ba, ya leƙo ta taga ya ce a gaya wa Sarai matar Ɗanasabe, ɗanta Elkana ya ce ta kai ubansa ɗakin shan magani na Jibiya ranar kasuwa. Makarantar likitocinsu za ta kawo ɗalibai su ga ciwon ƙauye da idonsu, babban malaminsu Likita Manu yana tare da su, kuma in za su koma sukan ɗauki waɗanda ciwonsu ya fi tsanani a motarsu, su tafi da su babban asibiti a bincika.

Sarai ta ci gaba da aikinta a gaban mutane kamar ba ta ji ba. To me za ta ce? Elkana ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "yaron Gwaggo" take ce masa, don yayar mijinta ce ta yaye shi ta rene shi. Ko ranar da labari ya zo ya sami shiga makarantar likitoci, mata suka cika gidan da guɗa, ita tsintsiya ta ɗauka ta hau share inda aka riga aka share. Amma ran da saƙon Lawwali ya zo, da ta shiga ɗaki sai da ta durƙusa ta gode wa Allah da hawaye.

Ai dole ta gode. Tun kaka cikin Ɗanasabe yake kumbura, ya yi tulu guda, hannuwansa kuma sun koma kamar kara. An sha saiwa, an sha sassaƙe, wanzami ya yi ƙaho, mai wa'azi ya zo ya yi addu'a, ciki dai sai gaba yake yi. Mutumin da ke nome gonarsa ya taya maƙwabci, yanzu sai an kama shi yake zuwa bayan gida.

Ranar kasuwa ta ɗora shi a jaki daga ƙauyensu can bayan Bugaje, ta saɓa ƙwaryar guzurinsu a kafaɗa yadda matansu ke yi, suka kama hanya. Jibiya kuwa a shekarun nan ba a cewa komai. Kuɗin fetur sun faso, kowa ya zama ɗan kasuwa. Manyan motoci sun yi layi suna jiran 'yan kwastan, durom-durom na mai ana ta lallaɓawa da su tsallaken iyaka, samari kowanne da rediyo a hammata, babura kamar za su bi ta kan mutum. Sarai ba ta ko kalle su ba, igiyar jakinta ta riƙe har ƙofar ɗakin shan magani.

A gindin bedi aka jera benci. Ga farar mota doguwa a gefe, ga ɗalibai cikin fararen riguna. Nan take ta hango shi. Kai, yaro ya zama mutum! Wuya ya cika, ga tabarau, ga abin sauraron ƙirji rataye. Ta yi maza ta sunkuyar da kai. Shi ma ya dube su sau ɗaya ya kau da fuska, ita kuwa baiwar Allah har wani daɗi ta ji, ta ce a ranta boko bai cire masa kunya ba.

Likita Manu Bakano ne, a Ingila ya yi karatu, dogo mai taushin murya. Da Turanci yake koyar da ɗalibansa, amma in yana son jama'a su yi dariya sai ya juya Hausa. Elkana in ya zo hutu ba shi da hira sai tasa, har Ɗanasabe ya riƙa sa shi a addu'a bai taɓa ganinsa ba.

Gurbi biyu ne a motar. Ɗaya tun da safe aka ba wata mai naƙuda da abin ya gagara, wannan kam ba mai ja. Saura ɗaya.

Aka kira Alhaji Kalilu, wani mai fataucin mai. Shi ma da gaske ba shi da lafiya, kuma ikon Allah, cikinsa da na Ɗanasabe kamar an tsaga kara. Likita Manu ya sa aka kwantar da shi, ya ɗumama tafin hannunsa, ya danna nan, ya ƙwanƙwasa can, ya buɗe idonsa ya duba. Ya tambaye shi ko yana fitsarin jini, ko yana shiga rafi da ƙuruciya, ko akwai mai irin ciwon a danginsu. Ɗalibai suka zo ɗaya bayan ɗaya suna taɓawa. Sarai tana kallo zuciyarta na sanyi. Ashe haka ake yi! In aka yi wa maigidanta rabin wannan ma ai an gano abin.

"Ɗanasabe, daga bayan Bugaje!" in ji Rabe dispensa, mai kula da ɗakin shan maganin.

Ta kama shi suka taso, ƙwaryarta na kafaɗa. Likita Manu ya dubi ƙwaryar, ya dubi tsagen fuskar Ɗanasabe, ya yi murmushi. Bai ce a kwantar da shi ba. Da gindin biro ya ɗaga masa riga.

"To ga darasi ya kawo kansa," ya ce da Hausa. "Kun ga inda uwargida ta ɗauko kayanta? A kafaɗa. Maguzawa ke nan. In kun ga Bamaguje da ciki haka, kada ku wahalar da kanku, kada ku wahalar da gwamnati. Burkutu ce ta cinye hanta. Ko an kai shi asibiti an tsiyaye ruwan, gida zai koma ya cika abinsa."

Ɗalibai suka yi dariya, wasu har suna rubutawa. Mutanen kan benci ma suka taya su, ka san mai jiran magani, in likita ya yi dariya dole ya yi.

Sarai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta sauke ƙwarya ta durƙusa.

"Likita, ka yi mani aikin gahwara. Wanga mutum bai sha. Mu masu bi ne. Tun ran da aka yi mai baftisma ko ƙamshinta bai yarda ya shiga gidanmu ba."

"Duk haka suke cewa," in ji Likita Manu, ba da faɗa ba, kamar mai lallashin yaro. Ya waiga. "Ina ɗan ƙasar? Elkana, ai kai ka ce daga yankin nan kake. Gaya wa 'yan'uwanka, ka fi ni saninsu. Akwai Bamagujen da ba ya sha?"

Sarai ta saki ajiyar zuciya. Shi ke nan, Allah ya kawo mai shaida. Wa ya fi yaron nan sani? Yana da wayo lokacin da kakansa ya mutu, dangi suka ce Ɗanasabe ya ba da dawar giyar makoki, ya ce sai dai su kashe shi. Suka ƙaurace masa, suka hana shi gayya, ya yi shekaru yana noma shi kaɗai kamar maye. Yaron nan har jifa ya sha a hanyar rijiya saboda wannan. Baki kawai zai buɗe ya ce, wannan ubana ne, bai taɓa ba.

Elkana ya gyara tabarau. Ya dubi abokansa da dariya ba ta gama barin fuskarsu ba, ya dubi malamin da sakamakon jarrabawarsa ke hannunsa. Bai dubi inda iyayensa suke ba.

"Da wuya, yallaɓai," ya ce. "Ko sun shiga coci, sukan sha a ɓoye."

"Kun ji ko?" in ji Likita Manu. "Na gaba."

Wayyo Allah. Da mari ya yi mata a tsakiyar kasuwa da ya fi sauƙi. Shi ya aiko su zo! Shi ya sa ta ɗoro mutumin nan a jaki yana nishi tun daga gida, don a ɗaga masa riga da biro a yi masa dariya, ɗansa ya sa hannu. Ba ta san ta miƙe ba. Abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna, shi ta yi a gaban Hausawa da Buzaye da 'yan kwastan da suka zo karɓar maganin ciwon kai.

"Elkana!"

Sunan ya yi mata nauyi a baki, muryarta har ta fashe.

"Elkana, da kai nike! Dube shi! Dubi wanga mutum ka sake hwaɗin abin da ka ce!"

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Yana tsaye ya ƙura wa takardar hannunsa ido, gumi na bin wuyansa.

Likita Manu ya ɗaga gira. "Baiwar Allah, kin san shi ne?"

Ta buɗe baki, sai ta ji hannu ya kama gefen zanenta. Ɗanasabe ne. Da ƙyar yake numfashi, amma maganarsa ta fita sarai, kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da ita, hankalinta ne ya tashi. Ɗan ƙauyenmu ne, ta san shi yana ƙarami. Ba mu da komi da shi."

"To madalla," in ji Likita Manu. "Rabe, ba shi ƙwayar sa fitsari. Baba, a bar shan nan, ka ji?"

"Na ji," in ji Ɗanasabe.

Na ji! Mutumin da dangi kaf suka taru ba su sa ya ce haka ba. Sarai ta rasa da wa za ta fi jin haushi, ɗan ko uban.

Rabe ya ƙulle musu ƙwayoyi farare a 'yar takarda, bai yarda sun haɗa ido ba. Kafin la'asar aka shimfiɗa wa mai naƙuda a baya, aka kama Alhaji Kalilu aka sa shi a gurbin da ya rage. Shi kam har ya ɗago hannu ya ce wa Ɗanasabe Allah ya ƙara sauƙi. Ɗalibai suka shiga. Sarai ta tsaya riƙe da igiyar jaki, wannan karon ba sunkuyar da kai, ta kafe tagar motar da ido. Ta ba yaron wa'adi har motar ta tashi, ta ce a ranta ko yanzu ya diro ya ce a tsaya, ta yafe. Elkana ya zauna ta ɗaya gefen, ƙeyarsa kawai ta gani. Motar ta ratsa tsakanin gingimarai ta miƙi hanyar Katsina.

Wani mai sayar da rake ne ya taya ta ɗora Ɗanasabe a jaki. Sun bar hayaniyar kasuwa, sun shiga gonaki. Kowane taku na jakin sai Ɗanasabe ya cije leɓe ya dafe ciki. Ta san ba za a sake kawo wata mota ba, shi ma ya sani.

"Bar kukan nan haka," ya ce can. "Hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yar. Shekara guda ta rage mai. In mutumin nan ya tsane shi, wahalarmu duka ta tashi banza. Bari ya gama, ya zama likita."

"Likitan su wa?" in ji Sarai.

Ta ja igiyar, suka ci gaba da tafiya a hankali don kada jakin ya girgiza Ɗanasabe. Bai ga yankan geron shekarar ba.