Tambayi Ta Kusa Da Taga

Aikina yanzu shi ne in zauna in kalli na'ura tana karatu. Kamfaninmu ya kawo wani mataimaki mai basirar kwamfuta, wanda ake aika shi cikin rumbun bayanai ya gyara, ya kwashe, ya goge da kansa. Mutanen ofis suka laƙaba masa Ɗan Aike. Bai san komai game da manhajojinmu ba sai abin da aka rubuta a jagorar kowacce, don haka aka ɗora mini gwada jagororin. In miƙa masa jagora, in ba shi aiki, in naɗe hannu. In ya kai ƙarshe, jagora ta ci. In ya kafe a hanya, a share ta a rubuta sabuwa. Ƙa'idar ita ce ba a taimaka masa ko da kalma ɗaya.

Na kayar da jagorori da dama ban ji ko ɗar ba. Wasu ma da gani ka san wanda ya rubuta su yunwa yake ji, yana sauri ya tashi. Sai layi ya zo kan ta Kawu.

Kawu ba kawun kowa ba ne a ofis, amma har manaja haka yake kiransa. Shi ya gina manhajar da muke kula da rumbun da ita, tun muna wani ɗaki a saman shagon taya, fanka ɗaya tana kuka, wayoyi sun cukurkuɗe a ƙarƙashin tebur. Shi ya koya mini aiki, da faɗa da tsokana. Ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, kuma yadda yake magana haka yake rubutu. Ka buɗe jagorarsa ka ga: "In jan rubutu ya fito, kwantar da hankalinka, ba a kanka aka fara ba." Ko kuma: "Kada ka taɓa wannan ana gab da tashi, sai in ka gaji da ganin iyalinka."

Shugabar sashenmu, wadda a gabana ta fara aiki, ta tsaya a kaina.

"Anti, in kina jin nauyi, a ba wani ya gwada ta Kawu."

"Wa za a ba? Waɗannan da ba su taɓa jin tarinsa ba?"

"Kin dai san in ta faɗi share ta za a yi."

"Na sani. Je ki abinki."

Zan iya ajiye kwafi a gida, ba sai an faɗa mini ba. Amma ni ba ajiya nake so ba. So nake sabon ma'aikaci ya buɗe ta yana tsakiyar aiki, ya tuntsire da dariya, ya tambayi wane ne wannan mutum. Nan kaɗai muryar Kawu ta rage tana aiki, kuma ina kewarsa.

Ɗan Aike ya fara lafiya lau. Har wasan Kawu ya ɗauka da gaske: sai da ya duba agogo ya tabbatar ba a kusa tashi ba kafin ya taɓa komai. Na yi dariya ni kaɗai har na kusa ƙwarewa da shayi. Ya ƙirƙiri teburin bayanai, ya gyara sunaye, ya yi kwafin ajiya, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ɗana ne ke karatu a gaban baƙi.

Aikin ƙarshe shi ne kwashe tsofaffin bayanan abokan ciniki zuwa ma'ajiya. Nan ya tsaya cak, ya rubuto mini:

"Jagora ta ce wannan mataki yana da tarko, kafin a danna komai a tambayi ta kusa da taga. Ban sami mai wannan matsayi a cikin ma'aikata ba. Ina jiran amsarta."

Ni ce ta kusa da taga. A wancan ɗaki teburina ne a jikin tagar, ƙarar injin cire taya tana shigo mini. Duk wanda ya iso wannan mataki sai Kawu ya nuna ni da biro ba tare da ya ɗago ba, mutum ya jawo kujera in nuna masa abin da ake kashewa tukuna. Daga nan a zarce da hira, a ci abin da wani ya zo da shi. Bai taɓa faɗo mana a rai mu rubuta matakin ba. Me za a rubuta, ga mutum a zaune? Ko da muka dawo wannan dogon bene, inda kowa ke zama inda ya samu, tsofaffin ma'aikata ke gaya wa sababbi, su zo suna nemana.

Na ɗora yatsuna a kan madannan kwamfuta zan ba shi amsa. Layi biyu sun isa, kuma babu wanda zai sani. Amma gobe zai sake isowa nan ina gida ina barci, ko na yi ritaya, ya tsaya yana jiran matar da ba ta nan, ko kuma ya gaji ya danna. Na janye hannuna, na rubuta cewa jagora ta faɗi. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba.

"To ke za ki rubuta sabuwar, Anti," in ji shugabar sashe a hankali. "Babu wanda ya san wurin kamarki."

Na rubuta ta tsaf, babu wasa babu tsokana. Da na iso matakin, na zayyana duk abin da na shekara da shekaru ina faɗa da baki, na goge layin Kawu da hannuna. Sannan na miƙa wa Ɗan Aike, na naɗe hannu. Ya iso wurin, ya wuce ko tsayawa bai yi ba. Bai nemi kowa ba.